Kiɗan okestira na zamanin Barok: Faransa ta ƙara wani abu, ko duk aikin Italiya ne?

Ɗan_Tsirkiya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sauraron tsofaffin kaɗe-kaɗen Turai. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san ba kowa ne zai goyi bayana ba. Duk inda aka zo bayanin kiɗan zamanin Barok, wato daga wajajen 1600 zuwa 1750, sai a ce salo biyu ne suka raba nahiyar, na Faransa da na Italiya, ana jera su kafaɗa da kafaɗa kamar nauyinsu ɗaya. Ni a ganina kara kawai ake yi wa Faransawa. Konceto, wato kiɗan da makaɗi ɗaya ko 'yan kaɗan ke fuskantar dukan ƙungiya, daga Italiya ya fito, haka sonata, kiɗan makaɗa 'yan kaɗan ba tare da waƙa ba, haka opera, wasan kwaikwayo da ake rerawa, kuma gogen da ake kaɗa su da shi a Cremona aka fi iya sassaƙa shi, a gidajen Amati da Stradivari da Guarneri. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, mutumin da ake kira uban kiɗan Faransa, Jean-Baptiste Lully, a Fulorans aka haife shi a 1632, sunansa na asali Giovanni Battista Lulli, kuma sai a 1661 ya zama ɗan ƙasar Faransa. To idan aka cire rawar fada da ƙasaitar Sarki Louis na 14, mene ne Faransa ta ƙara wa okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa masu goge da kayan busa, wanda Italiya ba ta riga ta kawo ba? Ina roƙon a ba ni hujja daga cikin kiɗan kansa.

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Tsirkiya, tambayarka ta ɗauka cewa okestira tana nan tun fil azal, ana jiran wanda zai zuba mata kiɗa, alhali ita kanta sai da aka gina ta, kuma a Faris aka fara aza harsashin irin wadda muka sani. A wurare da yawa na Italiya a farkon ƙarni na 17, idan za a yi biki, tattaro makaɗa ake yi gwargwadon kuɗin da ke hannu, a yi kiɗa, a sallame su. A fadar Faransa kuwa, tun 1626, zamanin Louis na 13, akwai tsayayyiyar ƙungiya ta masu goge 24 da ke ƙarƙashin sarki, an raba su murya 5: mutum 6 a sama, 6 a ƙasa, sauran 12 kuma an kasa su huɗu-huɗu a muryoyi uku na tsakiya. Wannan cikar tsakiyar ita ce ke ba kiɗan Faransa kaurin da kunne ke ganewa nan take.

Game da asalin Lully, gaskiya ne jininsa na Fulorans ne, amma yana ɗan shekara 13 ya zo Faransa a 1646, kuma a hannun malaman ƙasar ya goge. A 1653 ya yi rawa tare da sarki a wasan da ake kira Ballet de la nuit, daga nan tauraronsa ya haska, har ya samu tasa ƙaramar ƙungiyar masu goge, wadda ya horar ba sani ba sabo: babu mai ƙara kwalliyar da ya ga dama, babu mai riga wani shiga. Baƙi da suka je Faris abin da suke komawa gida suna ba da labari shi ne sautin farko, yadda izgar kowa ke sauka kan tsirkiya a lokaci guda. Kuma shi wannan ɗan Italiyar ne ya toshe wa operar Italiya hanya a Faransa. Kadinal Mazarin ya yi ta shigo da ita, har aka kawo Cavalli, mai tsara opera, daga Benis, amma da aka nuna operarsa a 1662, raye-rayen da Lully ya saka a tsakanin ɓangarorinta ne suka fi shiga ran jama'a. Bayan ya samu takardar sarki a 1672, babu mai nuna opera a ƙasar sai da izininsa.

Hajiya_Mai_Sarewa:
Bari in ɗora a kan bayanin Malam_Tarihi da abin da ake mantawa idan aka tsaya ga goge kaɗai. Kayan busa na okestira a Faransa suka samu siffarsu. Tsohuwar algaitar Turawa mai ƙara ce ƙwarai, ta fili ce, ba ta zama ɗaki ɗaya da goge. Masassaƙa kuma mabusa na fada, musamman dangin Hotteterre da na Philidor, su ake dangantawa da aikin raba ta gaɓa uku da tsuke cikinta, har ta zama obo wadda mabushi zai iya sassauta muryarta. Sarewar da ake busawa a kaikaice ita ma a can aka sake mata fasali. Lully ne ya saba wa kunnen mutane da jin obo biyu da basun ɗaya, wato babban abin busa mai kaurin murya, sun ware su kaɗai na ɗan lokaci, sannan dukan ƙungiya ta dawo. Wanda ya saurari jerin kiɗan rawa na farko na Bach, Bajamushen mai tsara kiɗa, wanda ke da lamba BWV 1066 a kundin ayyukansa, zai ji wannan ukun yana fita yana komawa, kuma ba daga Roma ya samo shi ba.

Ɗan_Tsirkiya:
Hajiya, na gode, maganar obo hujja ce mai ƙarfi. Amma Malam_Tarihi, Allah ya gafarta malam, horo da tsari ba na Faransa kaɗai ba ne. Cocin San Petronio a Bologna yana da makaɗansa masu albashi, a can Torelli ya yi aiki. Corelli, gwanin goge kuma mai tsara kiɗa, a Roma ya jagoranci ƙungiyoyin da suka ninka ta Faris, domin a 1687, a fadar Sarauniya Christina ta Suwidin, an ruwaito masu goge wajen 150 a ƙarƙashinsa. Burney, marubucin tarihin kiɗa na Ingila, ya kawo cewa Corelli ba ya yarda a ci gaba da gwaji sai ya ga izgar kowa tana tafiya tare. Saboda haka ko a wannan fannin ban ga inda aka bar Italiya a baya ba.

Goge_Damagaram:
Yaya Ɗan_Tsirkiya, tafiya tare daban, dokar da ake tafiya a kanta daban. Lokacin da nake karatu a Faransa na shiga wata ƙaramar ƙungiya ta masu koyon goge irin na dā, kuma dattijuwar da ke koya mana ta fi wahalar da mu a kan minuwet, rawar nan mai taku uku, fiye da kowane konceto. Doka ita ce, sautin farko na kowace gaɓa da jan izga ake fitar da shi, ba da turi ba. To gaɓa mai sauti uku, idan ka ja, ka tura, ka ja, sai gaɓa ta gaba ta riske ka a kan turi. Dole ka ɗaga izgar daga kan tsirkiya, ka maido ta gindi cikin ƙiftawar ido, ka sake ja. Wannan ɗan ɗagawar yana barin wani ɗan shiru tsakanin gaɓa da gaɓa, kuma a cikin wannan shirun ne ƙafar mai rawa ke samun wurin sauka. Ta kan sa mu riƙe gajeriyar izga da babban yatsa a ƙarƙashin gashin, kamar yadda Faransawan lokacin ke yi, sai ka ji hannunka ya ƙi yin dogon ja ko da kana so. Idan muka koma kan Corelli kuwa, sai ta ce mu saki hannu, mu ja mu tura yadda sautin ya zo, mu bar tsirkiya ta yi waƙa.

Ba ita ta ƙirƙiro dokar ba. Georg Muffat ne ya rubuta ta dalla-dalla a gabatarwar littafinsa na 1698 da aka buga a Passau, cikin harsuna huɗu, Latin da Jamusanci da Italiyanci da Faransanci. Shi kuwa shaida ne da ba a iya turewa cikin sauƙi, domin ya yi ƙuruciyarsa yana koyon kiɗa a Faris zamanin Lully, daga baya ya je Roma ya zauna da Corelli, har aka gwada kiɗansa a gidan Corellin. Mutumin da ya ga duka biyun da idonsa ya ɗauke su hanyoyi biyu mabambanta, kowace da ƙa'idarta.

Auwalun_Gwaggo:
Ina bin muhawarar da sha'awa ko da yake ni sabon shiga ne. Shin gaskiya ne wannan tsananin na Lully ne ya yi ajalinsa, wai sandar da yake jagoranci da ita ce ta kashe shi a tsakiyar kiɗa?

Malam_Tarihi:
Ɗana Auwalu, ba a tsakiyar kiɗa ya faɗi ba. A watan Janairun 1687 yana jagorantar waƙar godiya saboda sarki ya warke daga jinya, yana buga doguwar sanda a ƙasa don riƙe taku, sai ya daki yatsan ƙafarsa. Ciwon ya ruɓe, ya ƙi yarda a yanke, ya rasu ranar 22 ga Maris na shekarar. Abin da ya shafi zancenmu a nan shi ne, bayan mutuwarsa an ci gaba da nuna operorinsa a Faris shekaru da dama, kuma duk sabon mai tsara kiɗa da shi ake auna shi, abin da ya jinkirta shigar salon Italiya ƙasar.

Binta_Fuga:
Mu koma kan roƙon farko, tunda Malam Ɗan_Tsirkiya ya ce hujja yake so daga cikin kiɗan. Ga ta: kiɗan buɗe fage irin na Faransa. Kashi na farko a hankali yake tafiya cikin taƙama, dogon sauti a bi shi da ɗan gajere mai kaifi, kashi na biyu kuma da sauri, muryoyi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna kwaikwayon juna, sau da yawa a rufe da komawa ga taƙamar farko. Lully ya daidaita wannan fasali tun ƙarshen shekarun 1650, kuma kusan shekara ɗari ana amfani da shi daga Landan zuwa Dresden. Handel, Bajamushen da ya zauna a Landan, ya yi shekaru a Italiya, operorinsa na Landan da Italiyanci ake rera su, mawaƙansa 'yan Italiya ne, amma galibinsu da mabuɗin Faransa suke farawa. Hatta Messiah, da ya tsara a 1741, da shi ya buɗe ta.

Akwai labarin da Mainwaring ya kawo a tarihin rayuwar Handel. A Roma a 1707, Corelli yana jagorantar masu goge a wani aikin Handel, sai mabuɗin ya gagare shi, har Handel, wanda saurayi ne a lokacin, ya fizge gogen ya nuna masa yadda yake so, Corelli kuma ya amsa cikin ladabi cewa wannan salon Faransa ne, shi bai san shi ba. Idan babban malamin goge na Roma ya ce bai san wani salo ba, ai salon ba na gidansu ba ne.

Sarkin_Shakka:
Malama Binta, a yi hattara da wannan labari. Mainwaring ya buga littafinsa a 1760, bayan rasuwar Handel da shekara guda, sama da shekara hamsin bayan abin da yake ba da labari, kuma shi ba ganau ba ne. Abin da za a iya riƙewa shi ne mabuɗin da ya iso mana na wannan aikin irin na Italiya ne, wanda ya yi daidai da cewar Mainwaring an canza na farkon. Hujjarki ta Messiah ta fi wannan tsayuwa da ƙafarta.

Ɗalibin_Weimar:
Ni ina tare da Ɗan_Tsirkiya a rabin maganarsa, domin abin da Italiya ta kawo ya fi zurfi a ginin kiɗa. Mabuɗin Faransa riga ce da za a iya sa wa kowane aiki, amma konceto hanya ce ta tsara tunani mai tsawo ba tare da kalma ko rawa ba. Corelli ya ware goge biyu da babban goge ɗaya su fuskanci dukan ƙungiya. Vivaldi kuma, a Benis, ya tsayar da tsarin kashi uku, sauri da nawa da sauri, tare da abin da suke kira ritornello, wanda ya yi kama da aikin 'yan amshi a wurin makaɗanmu: ƙungiya ta faɗi jigo, mai goge ɗaya ya fita ya yi yawonsa, ƙungiya ta dawo da jigon ko wani yanki nasa a wani matakin sauti, haka har a dawo gida. Da wannan dabarar mutum zai iya riƙe kunnen mai sauraro minti biyar ko goma bai ɓace ba.

Abin lura kuma shi ne ta Holan wannan kiɗa ya mamaye arewa. Estienne Roger, Bafaranshe mai bin Furotesta da ya yi hijira zuwa Amstadam, shi ya buga konceto 12 na Vivaldi da ake kira L'estro armonico a 1711, shi ya buga 12 na Corelli a 1714, bayan rasuwar mai su da shekara ɗaya. A 1713 Yarima Johann Ernst na Weimar ya dawo daga karatu a Utrecht da tarin takardun kiɗa, kuma a daidai wannan lokacin ne Bach ya zauna ya mayar da konceto-konceton Vivaldi da na wasu zuwa kiɗan ogan da hafsikod, kayan kiɗa masu jerin maɓallai da ake latsawa. Duk wanda ya kwatanta abin da Bach ya rubuta kafin wannan da na bayansa zai ji an samu sauyi a yadda yake gina dogon kashi.

Binta_Fuga:
Ɗalibin_Weimar, a wannan Weimar ɗin dai, a watan Disamban 1714, Bach ya tsara waƙar coci mai lamba BWV 61 don ranar farko ta shekarar coci, kuma ya ɗora tsohuwar waƙar Luther a kan mabuɗin Faransa, wato kiɗan da aka saba yi lokacin shigowar sarki. Hannunsa na dama yana kwafar Vivaldi, na hagu yana riƙe da Lully. Tun yana ɗalibi a Lüneburg ya ji makaɗan Sarkin Celle, waɗanda yawancinsu Faransawa ne saboda matar sarkin Bafaranshiya ce.

Hajiya_Mai_Sarewa:
Shi kansa Bach ya amsa tambayar wannan zaure a 1735, lokacin da ya buga kashi na biyu na darussansa na hafsikod. Abu biyu kacal ya saka a ciki, konceto bisa ɗanɗanon Italiya da mabuɗi bisa salon Faransa, dukansu kwaikwayon okestira ne a kan kayan kiɗa guda mai jeri biyu na maɓallai. Ya sa na farko a matakin F, na biyu a matakin B, wato nesa da juna iyakar nisa. Da yana ganin ɗayan inuwar ɗayan ne, da bai ɓata kuɗin bugu a kan jera su ba.

Mai_Tambura:
Ina ganin an bar wanda ya fi kowa cin moriyar ɓangarorin biyu, wato Telemann. A 1705 ya kama aiki a Sorau, wurin wani basarake da bai daɗe da dawowa daga Faransa ba kuma kiɗan can ya shiga ransa, sai Telemann ya nemi takardun Lully da Campra ya duƙufa a kansu, har ya ce a cikin shekara biyu ya tsara mabuɗai wajen 200. A tarihin rayuwarsa na 1718 ya faɗi cewa konceto bai taɓa fitowa daga zuciyarsa sosai ba, kuma nasa yawanci ƙanshin Faransa suke yi. Amma dubi abin da ya buga a Hamburg a 1733, kiɗan teburi kashi uku: kowane kashi yana farawa da mabuɗi da raye-rayen Faransa, a tsakiya ga konceto da sonata irin na Italiya, kuma a cikin mabuɗin kansa sai ka ji sarewa biyu ko kakaki da obo sun fito suna gasa kamar a Benis. Ya ƙara da kiɗan ƙauyukan Folan da ya ji a bakin masu goge na mashaya. Quantz, malamin sarewar Sarki Frederick na Prussia, a littafinsa na 1752 ya kira wannan gauraye ɗanɗano, ya ce shi ne ya dace a kira na Jamusawa.

A Dresden abin a fili yake ko a jerin ma'aikata. Shugaban masu goge daga 1709 shi ne Volumier, wanda ya taso a fadar Faransa ya kuma kawo horonta. Da ya rasu a 1728, wanda ya gaje shi Pisendel ne, ɗalibin Vivaldi da ya zauna a Benis a 1716 zuwa 1717. Ƙungiya ɗaya, izga ta Faris, takardu na Benis. Bach ya yi ƙorafi a takardarsa ga majalisar Leipzig a 1730 cewa ana so makaɗan Jamus su kaɗa na Italiya da na Faransa da na Ingila da na Folan nan take, alhali ba a biyansu kamar na Dresden.

Ɗan_Tsirkiya:
Duk na ji, kuma na ƙaru ƙwarai, musamman da bayanin Goge_Damagaram. Sai dai ku dubi yadda wasan ya ƙare. Wane mabuɗi ne ya haifi simfoni, wato dogon kiɗan okestira mai kashi-kashi? Na Italiya ne, mai sauri da nawa da sauri, wanda Alessandro Scarlatti ya tsayar a Naples a ƙarshen ƙarni na 17. Wane rabon goge ne ya ɗore har yau? Murya huɗu irin ta Italiya, goge na ɗaya da na biyu da matsakaici da na ƙasa, ba biyar ɗin da Malam_Tarihi ya yaba ba, waɗanda Faransawa da kansu suka watsar. Ko a cikin Faris, da aka buɗe Concert Spirituel a fadar Tuileries a watan Maris na 1725, konceton Kirsimeti na Corelli yana cikin abin da aka kaɗa a daren farko. Leclair, gwanin gogen Faransa, sai da ya je Turin wurin Somis, ɗalibin Corelli. Couperin kuwa, Bafaranshen gwanin hafsikod, ya faɗa da bakinsa a gabatarwar littafinsa na 1726 cewa sonatarsa ta farko ya juya haruffan sunansa ya mayar da shi na Italiya, ya ce wani ɗan'uwansa ne ya aiko masa da ita, don ya san haka za a fi karɓarta.

Goge_Damagaram:
Yaya, labarin Couperin yana yanka ta gefe biyu. Shi ne ya buga Les goûts réunis a 1724, ma'ana haɗa ɗanɗanon biyu, ya yi wa Corelli kiɗan girmamawa a wannan shekarar, ya yi wa Lully nasa a 1725, inda ya kwatanta su biyun sun haɗu a dutsen Parnassus, wannan ya ja gaba wancan ya raka shi, sannan su yi musanya. Bai ce ɗaya ya haɗiye ɗaya ba. Kuma shi ɗin dai ne ya yi faɗa a littafinsa na hafsikod na 1722 cewa masu kaɗa kiɗansa ba sa kiyaye alamomin kwalliyar da ya rubuta, alhali a Italiya mai goge shi ke cika kashin nawa da adon da ya ga dama. A nan ne bambancin ya fi tsanani a hannun makaɗi: a Faransa ana rubuta sautuka daidai da juna amma a kaɗa su ɗaya dogo ɗaya gajere bisa al'ada, a Italiya a kaɗa su yadda aka rubuta amma a ƙara abin da ba a rubuta ba.

Sarkin_Shakka:
Ina so in ja hankalin zauren cewa wannan gardamar tamu ta girme mu da shekara ɗari uku, kuma tun a lokacin ba kiɗa kaɗai ake auna wa ba. Raguenet ya je Roma ya dawo ya buga littafi a 1702 yana fifita Italiya, Le Cerf de la Viéville ya mayar masa da martani daga 1704 yana kare Lully, kuma duk wannan a cikin shekarun da Louis na 14 yake yaƙi da rabin Turai. Yabon kiɗan Italiya a Faris yana iya zama hanyar nuna gajiya da fada ba tare da an ambaci sarki ba. Haka aka sake yi a 1752 da 'yan wasan barkwancin Italiya suka nuna La serva padrona ta Pergolesi, har Rousseau ya rubuta a 1753 cewa Faransawa ba su da kiɗa. Muffat ma, a sadaukarwar littafinsa na 1695, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Faransa da daular Jamusawa, sai da ya kare kansa cewa haɗa salon Faransa da na Italiya da na Jamus ba tsokanar faɗa ba ne, fatan zaman lafiya ne. Don haka idan muka karanta wani na lokacin yana cewa wannan salo na hankali ne, wancan na zafin rai, mu tambayi wa yake yi wa aiki.

Ummu_Haidar:
Tambaya ce gare ni a gefe. Na lura idan na saurari Lully ko Rameau a hannun ƙungiyoyin da ke amfani da kayan dā, sautin yana yin ƙasa fiye da na Vivaldi. Kunnena ne, ko da gangan ake yi?

Hajiya_Mai_Sarewa:
'Yar'uwa Ummu_Haidar, kunnenki lafiya lau. A gidan operar Faris ana ɗaure tsirkiya ƙasa da ta yau da kusan mataki guda cikakke, wato sautin A yana wajen 392 maimakon 440, kuma obo da sarewar da suka rage daga lokacin su ne shaida, tunda tsawonsu ba ya canzawa. A Benis kuwa ana ɗaurewa sama, kusa da na yau. Amma kada a mayar da shi bambancin ƙasa da ƙasa, domin Roma ta Corelli ita ma ƙasa take ɗaurewa, kusan daidai da Faris.

Malam_Tarihi:
Wannan amsar ta Hajiya ta taɓo abin da nake so in ce wa Ɗan_Tsirkiya tun ɗazu. Italiya a lokacin ba ƙasa ɗaya ba ce. Roma ta Corelli, mai nutsuwa da kashi huɗu ko biyar, ba ita ce Benis ta Vivaldi ba, kuma Ingila ta riƙe Corelli shekaru da dama bayan Jamus ta koma wa Vivaldi, har Geminiani, da ya zo Landan a 1714, ya mayar da sonatocin malaminsa Corelli konceto don biyan bukatar masu saye. Faransa kuwa fada ɗaya ce da birni ɗaya, shi ya sa salonta ya fito da doka a rubuce.

Game da wanda ya ci wasan, ban yarda simfoni ta Italiya ce zalla ba. Buɗe kusan kowace simfoni ta Haydn ta shekarunsa na girma, kashi na uku minuwet ne, rawar fadar Louis na 14, kuma a tsakiyarta akwai sashen da har yau ake kira na uku-uku, gadon obo biyu da basun ɗin da Hajiya ta ambata. Da yawa daga simfoninsa na Landan suna farawa da gabatarwa mai nawa kafin sauri. Sannan akwai amfani da okestira wajen zana abu: guguwar teku da Marais ya saka a operarsa Alcyone a 1706, da hargitsin farkon halitta da Rebel ya buɗe Les élémens da shi, inda ya tara dukan sautuka bakwai na matakin ya buga su lokaci guda. Rameau, daga operarsa ta farko a 1733, ya ba basun da sarewa aikin da babu wanda ya ba su a Italiya, kuma magoya bayan Lully sun zarge shi da cewa ya cika Italiyanci.

Ɗalibin_Weimar:
Allah ya gafarta malam, zanen yanayi da kiɗa ai Vivaldi ma ya yi shi a konceto huɗu na lokutan shekara, da aka buga a Amstadam a 1725, kuma Faris ce ta fi kowa haukacewa a kan na bazara, har Rousseau ɗin da Sarkin_Shakka ya ambata ya mayar da shi na sarewa ɗaya a 1775. Bambancin da nake ji shi ne, guguwar Vivaldi mai goge ɗaya ne ke ɗauke da ita ƙungiya tana mara masa baya, ta Marais kuwa dukan ƙungiyar ce guguwar, da ganga tana ruri a ƙasa.

Ɗan_Tsirkiya:
Malam_Tarihi, minuwet na ba ka ita, gabatarwa mai nawa kuma ina da ja, domin sonatar coci ta Corelli ita ma da nawa take farawa, don haka ba dole ne Haydn ya bi ta Faris ya samo ta ba. Malama Binta, ke da kika kawo Handel, ina so ki duba konceto 12 da ya tsara a Landan a kakar 1739, cikin kusan wata guda. Adadinsu na Corelli ne, lambar aikin a jerin ayyukansa, wato ta shida, irin ta na Corelli ce, rabon goge biyu da babban goge na Corelli ne. A ina Faransa take a cikinsu?

Binta_Fuga:
Tana cikin na 10, Malam. Saurari farkonsa: Handel da kansa ya rubuta masa sunan mabuɗi, taƙamar nan ce ta dogo da gajere, sai fuga mai sauri, wato kashin da muryoyi ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, sai komawa ga nawa, bayansa kuma wata waƙa mai taku uku a hankali. Na 5 ma haka ya fara, domin ya ɗauko wasu ɓangarorinsa daga mabuɗin waƙar da ya gama wa bikin Santa Cecilia kwanaki kaɗan kafin nan, kuma da minuwet ya rufe shi. Idan ka saurare su, ka dawo ka gaya mana ko masu gogen da ka samu sun ɗaga izga tsakanin gaɓoɓin minuwet ɗin kamar yadda Goge_Damagaram ya kwatanta, ko sun ja ta a miƙe irin ta Roma, domin na ji ƙungiyoyin da suka yi kowanne daga ciki.